Sakan 15 Babu Direba: Abin da Ɗalibai Masu Ƙera Mutum-Mutumi Ke Ɗaukowa a Ɗakin Binciken Jami'a

A gasar mutum-mutumi ta FIRST, wadda ɗaliban sakandare ke fafatawa a cikinta a Amurka da wasu ƙasashe, akwai wani ɗan lokaci da yake tsayar wa kowa da numfashi. Da an busa, a mafi yawan shekarun gasar, sakan 15 na farko babu mai taɓa rimot. Direbobi suna tsaye a bayan gilashi, hannu a sake, na'urar da suka kwana suka wuni a kanta tana tafiya da umarnin da suka rubuta mata kawai. Wata za ta tafi kai tsaye ta ɗauki ƙwallo ta jefa a raga. Wata kuwa ta karkace da ɗan taƙi ɗaya, ta wuce ƙwallon, ta buɗe hannu ta damƙi iska, ta je ta jefa iskar cikin natsuwa, jama'a na ta dariya.

Wannan karkacewar ita ce ƙofar shiga maganar tamu. Duk ƙungiyar ɗaliban da aka kai ziyara ɗakin binciken jami'a, idan ziyarar ta yi albarka, abin da za ta dawo da shi yana da alaƙa da wannan taƙin.

Bari mu fara da gasar kanta. Wani injiniya mai ƙirƙire-ƙirƙire, Dean Kamen, shi ya kafa FIRST a 1989, aka yi gasar farko a 1992 a wani ɗakin wasanni na makaranta a jihar New Hampshire, da ƙungiyoyi 28. Abokin tafiyarsa Farfesa Woodie Flowers ne na jami'ar MIT, wanda dama ya shahara da wani darasi da yake ba wa ɗalibai kwalin tarkace ya ce kowa ya ƙera na'ura a zo a kara. To ka ga tun daga tushe gasar jikar jami'a ce. Kowace shekara a farkon Janairu ake bayyana sabon wasa, ƙungiyoyi su duƙufa wajen mako shida suna ƙera na'ura mai nauyin sama da kilo 50, sannan a haɗa uku-uku a fili mai tsawon kusan mita 16 da faɗin mita 8, a yi wasa na wajen minti biyu da rabi.

Abin lura a nan, filin sananne ne. An buga zanensa, an faɗi tsayin kowace raga, an san irin kafet ɗin da aka shimfiɗa. Babu ruwan sama, babu ƙura, babu akuyar da za ta gitta. Ɗalibi yana aiki ne a duniyar da aka auna masa tun kafin ya zo. Mai bincike a jami'a kuwa yawanci aikinsa a inda babu wanda ya auna ne: ramin ma'adinai, ginin da ya rufta, hamada, gona, titin gari.

Misalin da zan riƙe shi ne jami'ar Carnegie Mellon da ke birnin Pittsburgh, wadda ta buɗe cibiyar nazarin mutum-mutumi tun 1979. A shekarar ta 1979 ce aka yi haɗarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a jiha ɗaya da jami'ar, kuma a 1984 na'urar da William Whittaker da ɗalibansa suka ƙera ce ta shiga ƙarƙashin ginin, inda tururin guba ya hana ɗan Adam taka ƙafa, ta ɗauko hotuna. A 1995 wasu masu bincike biyu na jami'ar suka tashi daga Pittsburgh zuwa San Diego a mota, kwamfuta na riƙe da sitiyari a kusan kashi 98 cikin ɗari na hanyar, su kuma suna taka totur da birki. Wuri ne da ya daɗe a harkar.

Yaron da ya saba ganin bidiyon mutum-mutumi na tsalle a intanet yana shiga irin wannan wuri da tsammanin zai ga abin al'ajabi. Abin da ya fi yiwuwa ya tarar shi ne na'ura rataye da igiya daga rufi don kada ta faɗi ta karye, wata an buɗe mata ciki wayoyi a waje, wani ɗalibin digiri na uku ya zuba wa allon kwamfuta ido yana kallon layukan da ke hawa da sauka. Ga kuma wani babban jan maɓalli a kusa da hannun kowa, na kashe na'ura nan take idan ta haukace. Bidiyon sakan 30 da aka gani a waya, ba a nuna gwajin da aka yi ta yi ana faɗuwa kafin a same shi ba. A ganina wannan kaɗai ya biya kuɗin mota, domin yaran da na'urarsu ta ƙi tashi ana gobe gasa sukan ɗauka su ne ba su iya ba. Gani ya kori ji: masu digiri ma haka suke fama.

Amma babban darasin yana cikin tambaya guda da kowace na'ura mai yawo take yi wa kanta sau da yawa a kowane sakan: ina nake?

Ka tuna daren da aka ɗauke wuta kana tsakar ɗaki. Ka san ƙofa tana wajen taku shida a gabanka, sai ka ƙirga. Taku shida ba matsala. Amma a ce taku ɗari biyu ne, ido a rufe, ko shakka babu ba za ka isa inda ka nufa ba, saboda kowane taku yana da ɗan kuskurensa, kuma kurakuran taruwa suke yi. Haka na'urar ɗalibai take yi. A jikin kowace taya akwai abin da ke ƙirga juyinta, a cikinta kuma akwai wani da ke auna yadda ta waiwaya dama ko hagu. Kwamfuta ta haɗa su ta ce, na yi mita uku gaba, na juya kwana kaza. To amma taya takan zame a kan kafet, takan cinye ta rage kauri, wata na'urar takan bangaje ta, kuma duk wannan ƙirgen bai sani ba. Lissafin mai sauƙi ne: kuskuren digiri 1 tak a alkibla, bayan tafiyar mita 10, ya kauce da kai wajen santimita 17. A filin gasa wannan ya isa ka rasa raga. A tafiyar kilomita 1 kuwa mita 17 ke nan, wato ka bar titi ka shiga gidan mutane.

Yadda ɗalibai suka saba magance wannan shi ne gyaran hannu. Ta wuce? Rage lambar. Ta gaza? Ƙara kaɗan. Su yi ta yi har ta dace a filin atisayensu, sannan a je filin gasa a tarar kafet ɗin sabo ne, komai ya rushe. Mai bincike ba ya yarda da ma'auni ɗaya, kuma ba ya neman ma'aunin da ba ya ƙarya, don babu shi. Abin da yake tambaya shi ne, wannan ma'aunin nawa ne girman ƙaryarsa, kuma a wane hali yake yin ta? Ƙirgen taya yana da sauri kuma yana da gaskiya a gajeren zango, amma yana ɓata a dogon zango. Kyamara ba ta tara kuskure, amma tana da jinkiri, hoto yakan dushe idan ana gudu, haske yakan ruɗe ta. Sai a haɗa su, a ba wa kowanne nauyi gwargwadon amanarsa, kamar alƙalin da ke sauraron shaidu biyu ya san wanne ne idonsa ke da rauni, wanne ne kuma mai mantuwa. Dabarar lissafin da ta fi shahara a wannan aiki Rudolf Kalman ne ya wallafa ta a 1960, kuma da ita aka yi amfani wajen jagorantar kumbon Apollo zuwa duniyar wata. Abin da take fitarwa ba "ina nan" ba ne kawai. Cewa take yi, ina jin ina nan, amma zan iya kasancewa ko'ina cikin wannan ɗan da'irar. Da'irar tana faɗaɗa idan na'ura ta daɗe ba ta ga alama ba, tana tsukewa da zarar ta gani.

Da maganar alama ta zo, ga wani abu da yawancin ɗalibai ba su sani ba sai an gaya musu. Tun daga kakar 2023, filin babbar gasar FIRST yana ɗauke da wasu alluna masu murabba'in baƙi da fari manne a wurare daban-daban. Sunansu AprilTag. Kyamara idan ta hango ɗaya, daga girmansa da yadda kusurwoyinsa huɗu suka karkace a hoto, za a lissafa nisan na'ura da shi da ta inda take kallonsa. Tsarin baƙi da farin kuma yana faɗin lambarsa. Kafin zuwansu ana amfani da wani tef mai mayar da haske ne, a haska shi da koriyar fitila. Allunan nan ba kamfani ne ya ƙirƙiro su ba. Daga ɗakin binciken Edwin Olson na jami'ar Michigan suka fito, aka wallafa bayaninsu a 2011, aka sake manhajar kyauta. Shekara 12 tsakanin takardar bincike da filin wasan yara. Ita ma manhajar da ƙungiyoyin ke gina umarninsu a kai, WPILib, sunanta daga wata jami'ar ya samo asali, ta Worcester da ke jihar Massachusetts. Saboda haka yaron da ya shiga ɗakin bincike ba baƙo ba ne sosai. Gidan kakanninsa ya je, sai dai bai san su ba.

Akwai wani ɗaki kuma da nake ganin ya kamata duk mai jagorantar ziyara ya tsaya a cikinsa ya daɗe. A yawancin cibiyoyin irin wannan za ka ga fili da aka kewaye da kyamarori a sama, ana manna wa na'ura wasu ƙananan ƙwallaye masu ƙyalli. Kyamarorin suna faɗin inda na'urar take da daidaito na ƙasa da milimita. Ba don su taimaka mata aka sa su ba. Su ne shaidar da ba ta da hannu a rigimar: na'ura ta ce ina nan, kyamarori su ce ga inda kike a zahiri, sai a auna tazarar. Ɗalibai ba su da kuɗin wannan, amma suna da tef ɗin awo na kafinta da alli. A sa na'ura ta yi tafiya iri ɗaya sau 20, kowane karo a yi alama inda ta tsaya. Idan alamomin sun taru wuri ɗaya amma a gefen inda ake so, gyaran lamba ne, minti biyar ya isa. Idan sun watsu, to lamba ba za ta yi magani ba, akwai abin da ke girgiza: noti ya kwance, giya na da wasa, ko batir ya yi sanyi. Batir ɗin mai bolt 12 ne, kuma idan injina da yawa suka ja wuta lokaci guda ƙarfinsa yakan faɗi har kwamfutar ta fara yanke wa wasu sassa wuta don ta tsira. Yara da yawa sun zagi manhaja alhali laifin batir ne.

Ruwa ba ya tsami banza, amma gano dalilin wani lokaci yakan ɗauki shekaru, kuma Carnegie Mellon tana da labari a kan haka wanda ya fi kowane wa'azi. A watan Maris na 2004 hukumar bincike ta ma'aikatar tsaron Amurka, DARPA, ta sa dala miliyan 1 ga duk motar da za ta tuƙa kanta sama da kilomita 220 a hamadar Mojave. Motoci 15 suka cancanci shiga, babu wadda ta kai. Wadda ta fi nisa ita ce Sandstorm ta ƙungiyar Whittaker, kuma wajen kilomita 12 kawai ta yi kafin ta maƙale a wata kwana, tayoyinta na juyawa a banza har suka kama hayaƙi. Shekara ɗaya da rabi bayan haka, a Oktoban 2005, aka sake. Motoci biyar suka kammala kilomita 212. Stanley ta jami'ar Stanford ce ta lashe dala miliyan 2, ƙarƙashin Sebastian Thrun, wanda shi ma daga Carnegie Mellon ya koma can. Motocin Whittaker biyu suka zo na biyu da na uku.

Wadda ta zo ta ukun, H1ghlander, ita ce ta fara jan ragama, sai injinta ya riƙa rasa ƙarfi a hanya ba gaira ba dalili. An bincika an rasa. Sai a 2017, shekara 12 bayan nan, da tsofaffin 'yan ƙungiyar suka taru don wani biki aka fito da motar, wani ya jingina da wani ɗan akwatin lantarki da ke tsakanin kwamfutar inji da bututun feshin mai, inji ya fara shaƙewa. Ashe akwatin ya samu rauni ne tun lokacin da motar ta kife a wani gwaji makonni kaɗan kafin gasar. Ba lissafi ne ya kayar da su ba, ba kyamara ba, wani ɗan abu ne da ko makanikin bakin titi zai iya canzawa. A 2007 dai sun rama, motarsu Boss ta lashe gasar tuƙi a cikin gari, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka yi waɗannan gasanni su ne suka je suka kafa harkar motoci masu tuƙa kansu a Google da wasu kamfanoni.

Shi ya sa a ɗakin bincike ake rubuta komai. Na'ura tana ajiye tarihin abin da kowane ma'auni ya faɗa da umarnin da aka bayar, da lokacin kowanne. Idan ta faɗi, ba a tsaya ana musu kan wa ya ga me, sai a mayar da faifan a kalla. Kwamfutar da ɗalibai ke amfani da ita tana zagaye umarninta sau 50 a sakan, kuma tana iya ajiye irin wannan tarihi. Ƙungiyoyi da dama ba sa kunna shi, wasu suna kunnawa ba sa dubawa.

Wani abin da ke ba yara mamaki shi ne abin da ke da wuya da wanda ba shi da wuya. Hans Moravec, shi ma mai bincike ne a Carnegie Mellon, ya lura tun shekarun 1980 cewa ya fi sauƙi a koya wa kwamfuta wasan dara na manya a kan a koya mata gani da motsi irin na ɗan shekara ɗaya. Kwamfutar IBM ta doke zakaran darar Turawa (chess) na duniya Garry Kasparov a 1997. Amma a 2015, a wata gasar DARPA da aka shirya a Kalifoniya saboda darasin haɗarin nukiliya na Fukushima a Japan, an ba wa manyan na'urorin duniya awa guda su yi ayyuka takwas irin su buɗe ƙofa, murɗa famfo da hawa matakala, kuma abin da duniya ta fi tunawa shi ne yadda suka riƙa zubewa ƙasa kamar buhun gero. Ta jami'ar KAIST ta Koriya ta Kudu ce ta yi nasara cikin kusan minti 44. CHIMP ta Carnegie Mellon ta faɗi a bakin ƙofa, ta lallaɓa ta tashi da kanta, ta zo ta uku. Yaron da ya ji wannan zai daina raina abokinsa da ya kwashe mako uku yana gyaran hannun ɗaukar ƙwallo.

Sai dai kada a zuzuta ziyara fiye da kima. Awa uku ce, rabinta hoto. Tana ma da nata haɗarin: yara su ga na'urar auna nisa da hasken leza, irin wadda a zamanin gasar 2007 ake sayar da babbarta kan kusan dala 75,000, su dawo suna ganin rashin kaya ne ya hana su ci gaba. Ko su kwaso wata dabara mai sarƙaƙiya su cusa a na'urar da ko tafiya miƙe ba ta gama iyawa ba. Bukatun ɓangarorin biyu ma sun sha bamban. Mai bincike yana neman abin da ba a taɓa yi ba, ko da sau ɗaya cikin uku zai yi aiki, don a fahimci dalili. Ɗan gasa yana neman abin da zai yi aiki a wasa bayan wasa, ana bangazarsa, da minti kaɗan na gyara a tsakani. A wannan fannin wani lokaci yaran sun fi masu masaukinsu ƙwarewa, kuma mai bincike mai adalci zai faɗa musu haka.

Abin da ke mayar da ziyara ta zama ilimi shi ne a je da matsala a hannu. Ƙungiyar da ta shiga da tambayar "wannan nawa ne?" za ta fito da lamba. Wadda ta shiga da kwamfutarta ta ce, ranka ya daɗe, dubi wannan layin, hannun na'urarmu yana wuce inda muka ce ya tsaya sannan ya dawo yana rawa, me ke kawo haka, za ta samu wanda zai ja kujera ya zauna. Amsar ma tsohuwa ce: tun 1922 Nicolas Minorsky ya lura da yadda matuƙan jirgin ruwa ke murɗa sitiyari, suna duba girman kaucewa, da tsawon lokacin da aka ɗauka a kauce, da saurin da ake dawowa, ya mayar da abin lissafi. Hannun da ke rawa yana amsa na farkon da ƙarfi ne, ba ya kula da na ukun.

Jami'ar Carnegie Mellon ta gane cewa yini ɗaya ba ya isa. A 2010 aka kafa ƙungiyar Girls of Steel a cikin sashenta na na'urorin aikin fili, wanda Whittaker ya assasa. 'Yan mata ne zalla daga makarantu daban-daban na yankin Pittsburgh, lambarsu a gasar 3504, suna ƙira da taimakon ma'aikata da ɗaliban jami'ar. Bambancin da ke tsakaninsu da masu ziyarar yini ɗaya shi ne suna nan ranar da abu ya lalace, suna ganin wa ya fara duba me, da wace tambaya ya fara. Irin koyon da yaron gareji ke yi ke nan, wanda shekararsa ta farko miƙa sifana ce kawai, amma kunnensa na jin yadda oga ke sauraron inji.

Ga ƙungiyar da ba ta da irin wannan gata, abin da ya rage bayan an dawo gida shi ne abin da za a yi washegari da yamma a ɗakin aiki. A kunna ajiyar tarihi. A rubuta lamba a jikin kowane batir, a riƙa lura da wanda ke saurin sanyi. A ja layin alli a ƙasa, a saki na'ura sau 20 babu mai taɓa rimot, wani ya durƙusa da tef ɗin awo, wani ya riƙe littafi yana rubuta santimita nawa ta kauce, kuma ta wane gefe.